Yadda Na Sayi Allura, Manhajar Teloli, Na Kuma Sayar da Ita

Da wuya mako ya wuce wani matashi bai shigo shagona na Damba ya ja kujera ya ce, "Malam Murtala, ni ma irin sana'arka nake son farawa. An ce manhaja kake saye da araha, ka ɗan goge ta, ka sayar da tsada." Wasu ma da waya a hannu suke zuwa, wai in nuna musu inda ake latsawa. Ni kuwa dariya nake yi, domin sana'ar nan tana da daɗi ƙwarai, amma ba a kan kujera ake yin ta ba. To ku gyara zama ku ji.

Da farko, ba manhaja tsura nake saye ba. Ƙaramin kasuwanci nake saye. Wani ya zauna ya rubuta manhaja, ya sami mutanen da ke aiki da ita suna biyansa kuɗin wata, sai kuma ya gaji, ko ya sami aiki a wani gari. Ni sai in karɓa, in riƙe ta, in gyara abin da ke buƙatar gyara, sannan in nemo wanda ya fi ni dacewa da ita in miƙa masa.

A wurin Alhaji Lawali na koya. Yana da shagon buga takardu da gyaran kwamfuta a Sabon Gari, ni kuma buga takardu ya ɗauke ni. Alhaji mutum ne mai lura. Shi ya fara gane cewa duk shekara sai an turo masu bautar ƙasa Gusau, a cikinsu akwai masu hannu a kwamfuta. Wani ya rubuta wa makarantar da yake koyarwa manhajar fitar da sakamakon jarrabawa, wani ya rubuta wa mai kemis wadda za ta gaya masa maganin da ya kusa lalacewa. Suna gama shekararsu su ɗauki jaka su tafi, abin ya mutu a bayansu. Alhaji ya ce, "Wanga abu asara ne. Bari mu riƙa saye."

Cinikinmu na farko da wani mai bautar ƙasa ne, Kunle, yaro mai fara'a, wanda ya rubuta wa wata makaranta manhajar sakamako. Ya ba mu faifai, Alhaji ya biya, aka yi masa rakiya har tasha. Zangon karatu na zagayowa makarantar ta ƙara darasi ɗaya, ta ce a saka shi a cikin sakamako. Muka buɗe faifan, sai muka tarar manhajar ce kawai a ciki, a ƙulle. Rubutun da aka gina ta da shi, wanda muke ce wa kod, babu shi. Ba mugunta Kunle ya yi ba, ba mu tambaya ba ne, shi ma bai yi tunani ba, kuma lambarsa ta daina shiga. Alhaji ya daɗe yana kallon kwamfutar, sannan ya ce, "Murtala, ashe hoton abin munka saya, ba abin ba."

Daga ranar bai sake biyan kowa ba sai ya ga kod ɗin da idonsa, an gina manhajar daga gare shi a kan kwamfutarmu ta tashi. Sai ya karɓi makullai, wato kalmomin sirri da adireshin saƙo da duk lambar wayar da aka ɗaure abin a kanta. Sai mai sayarwa ya yi alkawari a gaban shaidu cewa in an kira shi zai amsa. Amma abin da ya fi ba muhimmanci mutane ne. In aka kawo manhaja, ni yake turawa wurin masu aiki da ita. "Tahi ka zamna can," in ji shi. "Kar ka tambaye su ko suna son ta, kunya za ta sa su ce e. Zamna har su mance da kai, ka ga ko hannunsu na kai wa gare ta." Na yi zaman benci a kemis, na yi a ofishin hedimasta, na yi a gidan mai, har ana aikena sayen ruwa don an ɗauka neman aiki na zo.

Kayan aikina ba su da yawa. Kwamfutar cinya ɗaya, filashi biyu na ajiyar bayanai don kada ɗaya ta ci amanata, wayar caji mai baki iri-iri, da babur. Sai wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi da nake yawo da ita. Samari suna ganinta su ce, "Haba Malam, ka fi ƙarfin wannan." Ba su san da ita nake gwaji ba. Irinta ce a hannun kwastomomina. In manhaja ta buɗe a kanta, cikin rana tsaka, da sabis mai sanda ɗaya, to za ta buɗe a ko'ina.

Bayan na buɗe shagona, cinikin da ba zan manta ba shi ne na Allura. Wata rana da hantsi wata yarinya mai suna Shafa'atu ta shigo tare da mahaifiyarta. Mahaifiyar tela ce, ɗinkin mata take yi a gida. Shafa'atu ta karanci kwamfuta, ta ga yadda innarta ke rubuta awon mutane a bayan kwali yana ɓata, sai ta rubuta mata manhaja ta sa mata suna Allura. Tela zai shigar da sunan kwastoma da awonsa, kafaɗa, tsawon hannu, ƙugu, komai. Ya ɗauki hoton yadin da aka kawo. In ya gama ɗinki ya latsa wuri ɗaya, saƙo ya tafi wayar mai kaya. Daga ɗakin Inna abin ya bazu zuwa telolin Gusau, ya kai Bungudu, ya kai Tsafe.

"Ba gajiya na yi da ita ba, Malam," in ji Shafa'atu. "Ƙarin karatu na samu a Zariya, ba zan iya haɗa biyu ba. Amma don Allah kada ka sayar wa wanda zai kashe ta."

Inna ta ce, "Ni dai awon mutanena kar shi ɓace."

Washegari na hau babur sai Bungudu, shagon Malam Isa, dattijon tela da aka ce yana cikin waɗanda suka fara karɓar manhajar. Na ce jiran wani nake yi, ya nuna mini benci. Ga shi da tabarau a kan hanci, tef a wuya, ƙafa a kan keke. Ya gama wata riga, ya ninke, ya ɗauki waya ya latsa da yatsa ɗaya kamar mai tsoron kada ta cije shi. Ba a jima ba sai ga wata mata da goyo, tana ɗaga wayarta tun daga bakin titi: "Malam, na ga saƙo!" Wata ta aiko da atamfa ba ta zo da kanta ba, ya duba waya ya ce wa ɗan aiken, "Ce mata awonta na nan." Kafin azahar ya kai hannu ga wayar nan ya fi yadda ya kai hannu ga almakashi. Wallahi a kan bencin nan na ji kamar in tashi in taka rawa. Na hau babur ina waƙa har Gusau.

Muka zauna da Shafa'atu a shagona. Ta ba ni kod, muka gina Allura daga farko a kwamfutata, na saka a tsohuwar wayata, ta buɗe. Ta mayar da makullai sunana ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Lawali ya zo ya zama shaida, ta yi alkawarin amsa kira, Inna ta ce ta sallama, Allah ya sa albarka. A lokacin duk awon da teloli suka shigar ba a wayoyinsu yake zaune ba. Yana can a wata babbar kwamfuta da ake haya ta intanet, wadda muke ce wa saba. Kusan duk manhajojin da na sani haka suke aiki, kuma babu wanda ya ga aibun hakan.

Sai ga shekarar da aka ɗauke sabis. Ku da kuke nan kun sani, saboda matsalar tsaro aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako, makarantu ma suka rufe. Muka wayi gari kowa na ɗaga waya sama yana zagaya tsakar gida. Manomi ya tafi gonarsa in hanya ta yi kyau, mai shayi ya hura wutarsa, amma mu masu manhaja sai kallon juna. Manhaja uku ke hannuna lokacin: Allura, da wata mai aika wa iyaye saƙo daga makaranta, da wata ta masu sayar da data. Duka uku suka tsaya cak a rana ɗaya.

Ina zaune a ƙofar shago sai ga Malam Isa, wanda tuni ya san Allura tana hannuna, ya sauko daga motar haya, da waya a hannu. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Malam Murtala, wagga aba ta ƙi buɗewa. Biki na nan tahe, kayan amarya da ankon danginta duk suna jibge a shagona. Matan ga daga ƙauyuka sunka zo ranar kasuwa na auna su. Yanzu kasuwa a ruhe, hanyarsu ba ta biyuwa, kuma ba ni da yadda zan kira su."

Na ce, "Ba ka tuna ko na wasu ba?"

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Ka taɓa ganin tela ya sa almakashi a leshin mutane da ka? In na yanka ba daidai ba, wa zai biya? Amarya kuma mi za ta sa?"

Na ce ya koma gida, awonsa zai same shi. Na rufe shago, na saka kwamfuta a jaka, na nufi tasha, domin an ce akwai sabis a Funtuwa.

Motar cike take, kowa da abin da ya kai shi. Wani zai kira ɗansa da ke karatu, wata za ta ji ko 'yarta ta haihu. Na kusa da ni leda guda ya riƙo cike da wayoyin maƙwabtansa, kowace da sunan mai ita a jiki, zai karɓo musu saƙonni. Muka wuce Tsafe, muka wuce Kucheri, shingen bincike bayan shinge, mota shiru ana ta salati a zuci. Can gaba sai waya ɗaya ta yi ƙara. Sai wata. Sai ledar mutumin nan ta ɗauka gaba ɗaya kamar an saki 'yan tsaki. Motar ta kaure da dariya da kabbara, direba da kansa yana buga sitiyari.

A Funtuwa ban taɓa ganin Zamfarawa da yawa haka a garin da ba nasu ba. Kowace inuwa mutum ne tsaye yana ihu a waya. Na sami wani shagon buga takardu, na roƙi kusurwa da soket, na shiga saba. Komai na nan lafiya. Na fara sauko da na Malam Isa, na buga masa a takarda da manyan baƙaƙe, na sa a ambulan na liƙe, na ba direban da zai koma ya miƙa wa na Bungudu a tasha. Sannan na sauko da na sauran teloli duka, na zuba a filashina biyu.

Na kira Shafa'atu. Bugu ɗaya ta ɗauka. "Malam! Tun ranar nake neman ku. Inna fa?" Na ce Inna lafiya, amma Allura ba lafiya. Na ce ba takarda za mu yi ta bugawa ba, so nake manhajar ta riƙa ajiye awo a cikin wayar tela, ta yi aiki ko da sabis ko babu. Ta ce, "Zai yiwu. Amma sai an farke ta an sake ɗinkawa." Ina cikin shirin mu yi aikin ta waya sai raɗe-raɗi ya cika gari cewa Funtuwa ma za a ɗauke. Ban jira in tabbatar ba, na shiga motar Zariya.

A ƙarƙashin wata bishiya kusa da ajinsu muka yi aikin. In ta fito daga darasi ta zauna ta rubuta, ni kuma in saka a tsohuwar wayata, in kashe data, in yi ta latse-latse ina neman inda za ta karye. Ta karye kuwa, ba sau ɗaya ba. Wani lokaci hoton yadi ya ɓace, wani lokaci awon Hajara ya hau kan na Hajiya. Duk sanda na ce "ga wata kuma", sai ta dafe kai ta ce, "Malam, kai da wayar nan taku ɗaya." Ranar da na shigar da awo, na kashe wayar, na cire batir, na mayar, na kunna na tarar da komai a wurinsa, tsalle na yi har hulata ta faɗi. Ɗalibai na wucewa suna kallon dattijo yana murna da fasasshiyar waya.

Da na dawo gida sai aikin ƙafa. Shago-shago na bi da wayar caji, Sabon Gari, Damba, cikin kasuwa, sannan Bungudu da Tsafe. In haɗa wayar tela da kwamfuta, in saka masa sabuwar Allura, in zuba masa awon kwastomominsa, nasa kaɗai. Wani ya ce in haɗa masa da na maƙwabcinsa tunda wasu matan suna kai ɗinki wurinsu duka. Na ce a'a. Awon mace amana ne, wanda ta ba shi ta ba.

A Bungudu na tarar da shagon Malam Isa wayam, an kwashe kaya. Ya ce ambulan ya iso, ya yi ta ɗinki shi da abokan aikinsa, an aika da kaya a motar da ta je ɗaukar gara. "Ko ɗaya ba a maido ba," in ji shi. "Uwar amarya ta ce kamar a jikinsu anka ɗinka." Ya jawo wani kwano daga ƙarƙashin tebur, alkaki ne da dubulan na bikin, an ce a ba mai waya. A kan bencin nan na zauna na ci.

Kada ku ɗauka shekarar ta yi mini sauƙi. Sauran manhajojin biyu ba su tashi ba. Makarantu da suka buɗe sun koma aika yara da saƙon baki, masu sayar da data kuma suka watse. Teloli ma ba na karɓar komai a wurinsu, domin saƙon da ke tafiya wayar kwastoma shi ake biya, kuma babu hanyar da zai bi. Shagona ɗaki biyu ne, na mayar da ɗaya ga mai gida. Na jawo tsohuwar na'urar buga takardu na koma aikin da na fara da shi. Wannan ma yana cikin sana'ar, kuma shi ne ɓangaren da ba a gaya muku.

Ranar da sabis ya dawo gari ya rikice da kiraye-kiraye. Ni kuwa saba na buɗe. An gina sabuwar Allura yadda in ta ga sabis za ta aika abin da ke cikinta can don ajiya. Sai na ga sunayen shaguna suna shigowa. Na san wannan, na san wancan. Sai kuma wanda ban sani ba. Sai wani. Kwatarkwashi, Kucheri, unguwannin Tsafe da ban taɓa takawa ba. Ashe tunda manhajar ta daina buƙatar data, teloli tura wa juna suka riƙa yi daga waya zuwa waya, wanda ya yaye daga wurin maigidansa ya tafi da ita garinsu. Na kira Shafa'atu na juya kyamara ta ga allon. Ihun da ta yi sai da na rage ƙarar wayar.

Nan ne samari ke tambayata, "To me ya sa ka sayar, ga ta tana kawowa?" Saboda ta fi ƙarfin mutum ɗaya da babur. Teloli suna buƙatar wanda za su gani duk mako, ni kuma dillali ne. Kuma abu ana sayar da shi ne yana da lafiya, ba sai ya fara tari ba.

Mai sayen ita ta kawo kanta. Hajiya Kulu ce daga Tsafe, babbar 'yar kasuwa mai sayar wa teloli yadi da zare da zif a sari. Ta shigo ta zauna ta ce, "Kai ne mai Allura? Telolina sun ishe ni da zancenta." Ba ta san kod ba, amma ta san ciniki. Ta ce in ba ta sunayen shaguna, da kanta za ta je ta gani. Ta je kuwa. Da ta dawo ta ce, "In an sake ɗauke sabis fa?" Na kashe data na miƙa mata wayar. Ta latsa, ta buɗe. Ta ce, "In ta lalace wa zai gyara? Ni ba zan sayi keken da babu makanikinsa ba." Na kira Shafa'atu a gabanta, na gaya mata ga mai saye, in ba ta yarda ba an fasa. Suka yi magana mai tsawo, ni ina gefe. Kafin su ajiye waya Hajiya ta ɗauke ta aikin kula da manhajar.

Sharaɗi ɗaya na kafa: lambobin kwastomomi da awonsu ba za a ba kowa ba, ba za a riƙa damunsu da talla ba. Hajiya ta yi dariya ta ce, "Malam, ni ma mace ce. Awona na ciki."

Mun daɗe muna ja-in-ja a kan farashi, har sai da Alhaji Lawali ya shiga tsakani ya ce kowa ya rage. Bayan an shaida, na miƙa kod da makullai, sannan na zagaya da ita shago-shago ina cewa, "Daga yau ga mai Allura." Wannan zagayen yana cikin abin da aka saya. In ba ka yi shi ba, ba ka gama ciniki ba.

Bara na je Kucheri sunan jikan wani abokina. Da aka watse na ga wata shadda a shagon wani tela a bakin hanya, ta burge ni, na ce ya yi mini kaftani. Bai san ni ba. Ya zaro tef ya auna kafaɗata, ya ɗauki waya ya shigar.

Na ce, "Mene ne wannan kake latsawa?"

"Baba, ba ka san ta ba? Allura ke nan. Ta Hajiya Kulu ce ta Tsafe. Ko babu sabis tana aiki. In na gama ɗinkinka saƙo zai iske ka har Gusau. Bari ka gani." Ya matso da wayar kusa da fuskata, ya shiga koya mini a hankali, nan ake sa suna, nan ake sa hoton yadi, nan kuma kar a taɓa sai an gama. Ya ce in ina da tela a Gusau in gaya masa ya nema, zamani ya canza.

Na ce, "Ikon Allah. Zan gaya masa."

Ya zagayo da tef ɗin ƙirjina, ya tsaya, ya ɗago kai. "Baba, tsaya daidai mana. Kana dariya, tef ɗin na motsi."